Samudawan Dutsi da Kakannin da Ba a Ga Ƙashinsu Ba: Asalin Mutanen Zamfara a Ma'aunin Ilmin Gado

Damri gari ne a ƙasar Bakura, cikin yankin nan na Zamfara da Gulbin Sakkwato ke ratsawa in ya baro Maradun ya nufi Sakkwato. Ƙasa ce ta fadama da noman rani, tun ba ma bayan da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 ba. Ƙasa ce kuma wadda iri-irin mutane suka zauna cikinta, waɗansu bisa kufan waɗansu. Ko sunayen sarautunta ma sun isa shaida: Sarkin Mafara a Talata Mafara, Sarkin Burmi a Bakura, Sarkin Ƙaya a Maradun. Da Zamfarawa, da Burmawa, da Gobirawan da suka ci Birnin Zamfara zamanin Babari cikin ƙarni na 18, da Fulanin da suka yi ƙarfi bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, ko wanne yana da labarin inda kakanninsa suka fito, galibin labaran nan kuwa gabas su ke nunawa.

Amma a ƙarƙashin labaran zuwa akwai wani labari wanda ya girme su, watau labarin waɗanda aka tarar. Zamfarawa sun riƙe cewa mazaunan ƙasarsu na farko mafarauta ne, ƙatta, waɗanda suka fi mutanen yanzu tsawo da ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma su ne suka kafa Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yau, inda a ke nuna waɗansu tuddai a ce kaburburan sarakunan farko ne. Daga Dutsi ɗin nan ne masu rubuta tarihin Zamfara ke farawa, kamar Bajamushen nan Kurt Krieger a littafinsa na 1959, da Garba Nadama a kundinsa na Jami'ar Ahmadu Bello na 1977. Ba Zamfara kaɗai ke da irin wannan ba. Tarihin Kano ya siffanta tsatson Dala da Barbushe da girman jiki, har ya ce da sanda a ke kashe giwa a ɗauko ta a ka. Mutanen bakin Tafkin Cadi su ma haka su ke faɗi game da Sau, waɗanda suka riga su zama. Bahaushe ya ara wa irin mutanen nan suna daga Alƙur'ani, ya kira su samudawa, da sunan mutanen Annabi Salihu.

Dalilin tono wannan zance yanzu shi ne, a 2020 labari ya bazu cikin jaridu da gidajen rediyo cewa masana sun gano mutanen Afirka ta Yamma suna ɗauke da gadon waɗansu mutanen da can, waɗanda ba a taɓa ganin ko ƙashinsu ɗaya ba. Ɗalibin da ya ji wannan, ya kuma tashi da labarin Dutsi a kunnensa, ba abin da zai fara zo masa sai cewa ai samudawa ne Turawa suka gano. Malamin da ke horon malamai kuwa dole ya sami amsar da zai ba shi, domin abin da aka faɗa wa ɗalibi ɗaya a kwaleji, yara ɗari za su ji shi a aji. Zancen halittar Annabi Adamu fage ne na malaman addini, ba a shiga shi a nan ba. Abin da za a duba shi ne abin da aka auna a jini da ƙashi, da iyakar inda awon ya tsaya.

Wanda ya taɓa aikin gwama tsofaffin littattafan hannu, na Larabci ko na ajami, ya riga ya san rabin ilmin nan. Cikin ko wace ƙwayar jikin mutum akwai wani dogon rubutu na gado, mai baƙaƙe wajen miliyan 3,000, amma da haruffa huɗu kaɗai aka rubuta shi. Ko wane ɗa yana karɓar kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai kwafin nan gwani ne ƙwarai, amma a ko wace haihuwa ya kan yi 'yan kurakurai kaɗan, kurakuran kuma su bi zuriya, kamar yadda almajiri ke juyar kuskuren malaminsa ya miƙa wa nasa almajirin. Tun da ya ke kurakuran suna taruwa da kusan sauri ɗaya, yawan bambancin da ke tsakanin kwafi biyu ya kan nuna tsawon zamanin da suka rabu. Akwai agogo na biyu kuma. Kafin mutum ya ba ɗansa gado, kwafin da ya samu daga uwarsa da wanda ya samu daga ubansa su kan yi musayar shafuka. Saboda haka in baƙon jini ya shigo cikin jama'a, da fari gutsattsarinsa dogaye ne, sa'an nan su riƙa gajarta hawa bayan hawa. Tsawon gutsure shi ke faɗin yaushe baƙon ya shigo.

Da wannan dabara aka fara warware zancen mutanen Niyandatal. An sami ƙasusuwansu a kwarin Neander na Jamus a 1856: mutane gajeru, kakkaura, masu tudun gira da goshi a kwance, waɗanda suka zauna Turai da yammacin Asiya har suka ɓace wajen shekara 40,000 da suka wuce. A 2010 Svante Pääbo da abokan aikinsa na Cibiyar Max Planck a Leipzig suka karanta rubutun gadonsu daga ƙasusuwan da aka tono a kogon Vindija na Kuroshiya, suka gwama shi da na mutum biyar masu rai: Bafaranshe, da Basine, da mutumin Papuwa, da mutumin San na kudancin Afirka, da Bayarabe. Sai aka ga ukun da ba 'yan Afirka ba sun fi kusa da Niyandatal, abin da ya nuna kakanninsu sun yi auratayya da su bayan fita daga Afirka. Kason da aka tsaya a kai daga baya wajen kashi 2 cikin 100 ne. A wannan shekara kuma aka bayyana wasu mutanen dabam daga ɗan ƙashin yatsa na kogon Denisoba a Sibiriya, waɗanda gadonsu ya fi yawa a mutanen Papuwa. A 2018 ma aka bayyana gadon wata yarinya da aka sami ƙashinta a kogon, uwarta Niyandatal, ubanta Denisoba. Pääbo ya karɓi kyautar Nobel a 2022 saboda wannan aiki.

To, a lura da matsayin da aka ba Bayaraben nan. Shi aka mai da ma'auni, watau mutumin da a ke ɗauka jininsa bai gauraya da na kowa ba, sa'an nan a auna sauran duniya da shi. Shekara goma a ke tafiya a kan haka, har ya shiga littattafan makaranta cewa mutumin Afirka ba shi da gadon mutanen da. Cikin shekara ɗaya, 2020, aka kwance wannan magana ta fuska biyu. Joshua Akey da mutanensa a Jami'ar Princeton suka duba mutum 2,504, suka sami ɗan gadon Niyandatal a jikin mutanen Afirka ma, wajen kashi 0.3 cikin 100, wanda galibinsa ya shigo ne tare da waɗanda suka komo Afirka daga arewa da gabas. Ta biyun ita ce ta jawo surutu.

Arun Durvasula da Sriram Sankararaman, na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles, sun ɗauki rubutun gadon mutum 405 daga jama'a huɗu: Yarabawan Ibadan, da Esan na Jihar Edo, da Mende na Saliyo, da mutanen yammacin Gambiya. Suka ƙidaya yadda tsofaffin kurakurai da sababbi suka rarrabu cikinsu, suka sa kwamfuta ta gwada tarihi iri-iri don a ga wanne zai haifar da wannan rabo. Tarihin da ya dace shi ne wanda ya ce akwai wata jama'a da ta rabu da kakannin mutanen yau tun kafin su rabu da Niyandatal, tsakanin shekara 360,000 da miliyan 1 da ɗoriya, sa'an nan daga baya ta sake haɗuwa da su. Kason gadonta a jikin jama'un nan huɗu, in ji su, tsakanin kashi 2 da kashi 19 cikin 100 ya ke. Lokacin haɗuwar kuwa sun fi karkata ga shekara 43,000, ko da ya ke lissafin ya yarda da ko wane lokaci daga 124,000 zuwa kusa-kusa. Tun da ba ƙashin da za a jingina mata, sai suka kira ta fatalwa. Mai gwama littattafai ya san irinta: ya kan ga karatu a kwafe-kwafe da yawa wanda bai fito daga ko wace uwar littafi da ke hannu ba, sai ya hukunta cewa akwai wata uwar da ta ɓata.

Abu biyu masu ba da labari suka tsallake. Na ɗaya, faɗin tazarar nan. Tsakanin 2 da 19 akwai nisa, kuma lissafin da ya bar ƙofa a buɗe haka yana faɗin cewa akwai abu ne, bai faɗi girmansa ba. Na biyu, masu binciken da kansu sun ga alamar wannan gado a jikin Turawa da Sinawa, abin da ke nuna wani sashe nasa ya shigo tun kafin kakannin waɗannan su bar Afirka. Saboda haka wanda ya ɗauki binciken ya yi wa baƙar fata gori da shi, kamar yadda aka gani a intanet, bai karanta shi ba.

Akwai ƙashi ɗaya a Nijeriya wanda a kan kawo a wannan wuri. A 1965 Thurstan Shaw na Jami'ar Ibadan, wanda ya tono Igbo-Ukwu, ya haƙa wani kogo kusa da Akure da a ke kira Iwo Eleru, ko Iho Eleru, watau kogon toka, ya sami ƙwarangwal na mutum. Don Brothwell ya siffanta ƙoƙon kan tare da Shaw a 1971, ya lura cewa dogo ne, a kwance, da tudun gira. A 2011 Katerina Harvati da Chris Stringer da waɗansu suka sake auna shi, suka sami shekarunsa tsakanin 11,700 da 16,300, alhali siffarsa ta fi kama da ta ƙoƙon Ngaloba na Tanzaniya, wanda ya haura shekara 100,000. Mutum mai tsohuwar siffa ke nan a zamanin da ba a zaci samunsa ba. Kayan aiki ma sun ba da irin wannan shaida: Eleanor Scerri da abokanta sun nuna a 2021 cewa a Senegal an ci gaba da sassaƙa duwatsu da tsohuwar dabara har wajen shekara 11,000 da suka wuce, bayan an daɗe da barinta a sauran Afirka. Amma fa ƙoƙo ɗaya ne, a farfashe aka same shi aka harhaɗa, kuma ba a karanta gadonsa ba. Yana iya zama jikan fatalwar nan, yana kuma iya zama mutum ne kawai daga jama'ar da ta daɗe a keɓe cikin kurmi.

A 2023 Aaron Ragsdale, da Brenna Henn, da Simon Gravel suka fito da wata fassarar. Sun gwama mutum 290, cikinsu har da Nama 44 na Afirka ta Kudu, da Mende, da Gumuz na Habasha. Suka ce ba lalle sai an kawo wata baƙuwar halitta ba. In aka ɗauka kakannin mutane tun fil'azal rassa biyu ne ko fiye, a warwatse cikin Afirka, suna rabuwa suna haɗuwa, suna auratayya jefi-jefi cikin dubban ɗaruruwan shekaru, to lissafin zai fito daidai, ya ma fi dacewa. A misalin littattafai, ba wata uwar littafi ce ta ɓata ba, makarantu biyu ne da suka daɗe suna aron kwafi a tsakaninsu. Wannan ra'ayi ya yi daidai da abin da ƙasusuwa ke nunawa, domin shekara 300,000 da suka wuce Afirka ba iri ɗaya ta ƙunsa ba: ga mutanen Jebel Irhoud a Maroko masu fuska irin ta yau, ga mutumin Kabwe a Zambiya mai tsohon ƙoƙo, ga kuma Homo naledi mai ƙaramar ƙwaƙwalwa a Afirka ta Kudu, duk a kusan zamani ɗaya. Gardamar ba ta mutu ba. Amma in aka duba da kyau, ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abin da ya fi muhimmanci ga mai koyar da tarihi: tsohon zanen nan na bishiya mai gindi ɗaya, wadda rassanta suka rabu ba su sake haɗuwa ba, ya faɗi. Ya fi kama da gulbi a fadama, inda ruwa ke rabuwa ya kewaye tsibiri ya komo ya haɗu.

Tsohon gado na farko da aka karanta daga ƙashi a wannan sashe na Afirka daga Kamaru ya fito. Kogon Shum Laka, kusa da Bamenda, ya ba da ƙasusuwan yara huɗu, biyu na wajen shekara 8,000, biyu na wajen 3,000, waɗanda Mark Lipson da David Reich da Mary Prendergast suka bayyana a 2020. Abin mamaki, yaran ba su yi kama da mutanen da ke zaune wurin a yau ba, sun fi kusa da mafarautan kurmin tsakiyar Afirka. Watau jama'a ta zauna wuri shekara 5,000, sa'an nan wata ta maye ta. Ɗaya daga cikin yaran kuma yana ɗauke da layin uba da a ke yi wa lamba A00, wanda shi ne reshe mafi tsufa da aka sani a layin maza na duniya, ya rabu da sauran fiye da shekara 200,000. An fara bayyana shi a 2013, bayan an gano shi a jikin wani baƙar fata na Amurka, sa'an nan aka bi sawunsa har cikin Mbo na yammacin Kamaru.

Duk wannan kudu ne da kurmi. Cikin jama'u huɗu na binciken fatalwa babu Hausawa, babu Fulani, babu ko ɗaya daga ƙasar Sahel. Abin da za a ce game da mutumin Damri ƙiyasi ne: tun da ya ke mafi yawan gadon mazaunan ƙasar Hausa na Afirka ta Yamma ne, kuma alamar ta bayyana daga Gambiya har Edo, da wuya ta tsallake kwarin Sakkwato. Ƙiyasi ne mai ƙarfi, amma malami ya faɗe shi da sunansa.

Inda ƙasar Hausa ta shigo da ƙafarta shi ne ta arewa. Tun 1950 Joseph Greenberg ya sa Hausa cikin dangin harsunan Cadi, reshe ɗaya na babban gidan da ya haɗa Larabci, da harshen Buzaye, da na Misira ta da. Paul Newman da Roxana Ma kuma suka ƙarfafa dangantakar harsunan Cadi a 1966. A 2010 Fulvio Cruciani da abokansa suka nuna cewa wani layin uba mai lamba R-V88 ya taru ƙwarai a cikin masu harsunan Cadi, har ya kai kashi 95 cikin 100 a wata ƙaramar ƙabila ta duwatsun Mandara. Wani bincike na 2008 ya sami dangin wannan layi a wajen kashi 40 cikin 100 na Hausawan Sudan da aka gwada, ko da ya ke mutanen kaɗan ne. Layin nan 'yan'uwansa suna Turai da Asiya, an kuma same shi a tsofaffin ƙasusuwa a Sifen da tsibirin Sardiniya. Cruciani ya ƙiyasta yaɗuwarsa tsakanin shekara 9,200 da 5,600 da suka wuce.

Shekarun nan sun faɗa daidai zamanin da Sahara ke kore. A Gobero, cikin Tenere ta Nijar, ayarin Paul Sereno ya ci karo da maƙabarta a 2000, kaburbura wajen 200 a bakin tsohon tafki, tare da ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye. Jama'a biyu suka zauna wurin bi da bi, fari na shekara wajen dubu ya raba su. A Dufuna ta Jihar Yobe wani makiyayi mai haƙar rijiya ya tono kwalekwale a 1987, wanda aka auna shekarunsa wajen 8,000. A 2025 kuma aka karanta gadon mata biyu makiyaya na shekara 7,000 daga Takarkori a kudu maso yammacin Libiya, aka same su daga wani tsohon reshe na Afirka ta Arewa, da ɗan gadon Niyandatal wanda bai kai na mutanen Asiya ba, amma ya fi na mutanen kudu da Sahara. Marc Haber da abokansa sun riga sun sami irin wannan ɗan kaso a jikin Tubawan Cadi a 2016. Ta wannan hanya, in an bi ta, ɗigon jinin Niyandatal zai iya gangarowa har fadamar Bakura, ko da ya ke bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin akwai tsohon rami. C. G. Seligman a littafinsa na 1930 kan jinsunan Afirka, da H. R. Palmer a rubuce-rubucensa, sun koyar cewa duk wani abin kirki na sarauta da wayewa a ƙasashen baƙar fata fararen baƙi ne suka kawo shi daga arewa maso gabas. Labarin Bayajida, da abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri na danganta Gobirawa da Ƙibɗawan Masar, sun yi musu daɗin kafa hujja. Abdullahi Smith ya rushe wannan gini a 1970, ya nuna daulolin Hausa daga cikin ƙasa suka tsiro, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni. Mai gaggawa zai ce R-V88 ta tayar da Palmer daga kabari. Ba ta tayar ba. Bagadaza an gina ta a 762 ne, layin nan kuwa ya riga ya ƙetare Sahara dubban shekaru kafin a aza tubalinta, a zamanin da babu birni babu sarki. Bugu da ƙari, layin uba zare ɗaya ne cikin saƙa. Mutum yana da kakanni 1,024 a hawa na goma, layin uba kuwa labarin ɗaya kaɗai ya ke bayarwa cikinsu. Namiji zai iya ɗaukar R-V88 alhali kusan dukan sauran gadonsa na Afirka ta Yamma ne. Al'adar nasaba ta wajen uba ita ma haka ta ke yi: ta riƙe sunan baƙon da ya zo, ta manta da matan da ya tarar ya aura, waɗanda su ne mafi yawan jinin.

Wannan ya shafi Fulani ma. Binciken Mário Vicente da Carina Schlebusch na 2019 kan Fulanin Burkina Faso ya sami wajen kashi uku cikin huɗu na gadonsu na Afirka ta Yamma ne, saura kuma ya shigo ta Afirka ta Arewa, tare da ƙwayar gadon da ke sa babba ya iya narkar da madara, iri ɗaya da ta Turawa. Ba ƙaramin abu ba ne a faɗi wannan a Zamfara. A watan Mayu na 2022 'yan bindiga sun auka wa Damri da ƙauyukan da ke kusa da ita, suka kashe mutane da yawa, kuma rikicin da ya cinye ƙasar tun shekarun baya a kan mai da shi zancen jinsi, a ce Hausawa da Fulani iri biyu ne da ba su taɓa haɗa jini ba. Rikicin yana da dalilansa na ƙasa, da burtali, da shari'a, da makamai, waɗanda gwajin jini ba zai warware ba. Iyaka dai wanda ya nemi hujjar tsarkin jini a ilmin gado, ko don ɗaukaka kansa ko don korar maƙwabcinsa, ba zai same ta ba, domin kason da ya fi yawa a jikin su biyun daga tushe ɗaya ya ke.

Saura samudawa. Lissafi kaɗai ya isa ya raba su da fatalwar masana. In aka ba ko wane hawa shekara 30, shekara 43,000 ta haura hawa 1,400. Jerin sarakunan Kano, wanda yana cikin mafi tsawo a ƙasar Hausa, Palmer ya kai farkonsa 999 ne, watau hawa talatin da 'yan kai, kuma shi ma da taimakon alƙalami ya kai haka. Ba bakin da zai riƙe labari hawa dubu. Sa'an nan mutanen da can da aka tono ba ƙatta ba ne. Niyandatal ma ya fi mutumin yau gajarta. In akwai dogaye a kusa, to mazaunan Gobero na farko ne, waɗanda waɗansunsu suka haura ƙafa shida, su kuwa mutane ne irin na yau sak. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne labarin samudawa fassara ce da mutanen baya suka yi wa abin da suka tarar a ƙasa: tuddai, da tsofaffin rijiyoyi, da kashin maƙera a inda ba maƙeri, da gatarin aradu da manomi ke turo wa da garma, wanda a haƙiƙa gatarin dutse ne da hannu ya goge. Wanda ya ga aikin da bai san mai shi ba ya kan ƙara wa mai shi tsawo. Saboda haka labarin yana da daraja ta tarihi, amma shaida ce ta cewa an tarar da mutane, ba ta siffarsu ba, kuma zamaninsa na dubu ɗaya ne ko biyu, ba na dubu arba'in ba.

Mutanen da aka tarar ɗin nan sun bar sawu a Zamfara. Gumakan yumɓu na wajen Kwatarkwashi, waɗanda a ke gwama su da na Nok, sun fito ne galibi ta hannun masu tonon sata, aka fitar da su kasuwannin Turai ba tare da an rubuta ramin da ko wanne ya fito ba, balle abin da ke kwance kusa da shi. Asarar ta fi ta gunki. Zafi da damshi suna ruɓar da rubutun gado, shi ya sa sai a 2015 aka fara karanta cikakken gadon tsohon mutumin Afirka, na kogon Mota a Habasha, mai shekara 4,500. A ƙasar Nok ma tsamin ƙasa ya cinye ƙasusuwa. Inda a ke sa rai shi ne kogo, da gindin dutse, da tudu mai busasshiyar ƙasa, irin waɗanda Zamfara ke da su a Kwatarkwashi da Dutsi. Gadon yaran Shum Laka daga wani ɗan ƙashi mai tauri da ke kewaye da cikin kunne aka ciro shi, wanda bai fi kan yatsa girma ba. In mai haƙar zinariya ko mai yankan tubali ya fasa tsohon kabari ya watsar da ƙoƙon kai a rana, wannan ɗan ƙashi ne ke fara tafiya. Dokar ƙasa ta sa irin waɗannan wurare a hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, amma ma'aikatanta suna birni, malamin makaranta kuwa shi ke ƙauye, shi zai fara jin an tono wani abu. Abin da a ke bukata gare shi kaɗan ne: ya rubuta sunan wurin, da zurfin ramin, da abin da aka samu tare da ƙashin, ya roƙi mai gari a mai da ƙasa a rufe, kada a wanke, kada a taɓa da hannu, sa'an nan ya aika wa hukumar da sashen tarihi na jami'a mafi kusa.